An Adana

A kamfanin sayar da kayan gyaran injuna inda yake aiki, ba mai kiransa da sunansa. Ka-adana suke ce masa, tun daga manaja har direbobi. Shi ya jawo wa kansa. In ya bi ta bayan mutum ya gan shi yana rubutu a kwamfuta, ba ya iya wucewa. Sai ya ja birki, ya ranƙwafo har numfashinsa ya taɓa ƙeyar mutum, ya ce, "Ka adana kuwa?" Wutar ginin ba ta da alkawari, in ta ɗauke takan tafi da aikin safiya guda, saboda haka yana da gaskiya. Gaskiyar ce ma ta sa ake jin haushinsa.

Ofishinsa yana can ƙuryar sito, bayan kantocin da aka jera wa kwalaye. Taga ɗaya ce, ita ma can sama, sai wata fanka da wuyanta ya ƙage, bango kawai take yi wa fifita. Ɗakin warin giris yake yi da na kwalin da ya sha damshi. A nan ya rubuta manhajar da kamfanin ke taƙama da ita, wadda in ka tambaye ta ƙaramin noti za ta ce maka yana layi kaza, kanta kaza, kwali kaza, cikin leda kaza. Abu cikin abu cikin abu, sana'arsa ke nan. Siririn mutum ne mai yawan gyara zaman tabarau, ya ba arba'in baya, ba ya faɗa da kowa, ba a kuma taɓa ganin dariyarsa ta kai ga haƙora ba.

Mai sito, wani ƙato mai bakin tsokana, shi kaɗai ke leƙa shi. "Ka-adana, ka dai adana madam kafin ka fito ko? Kada wuta ta ɗauke ka koma ka tarar wayam."

"Allah ya shirye ka," yakan ce, idonsa na kan aikinsa.

A gida kuwa Auta ne. Su biyu iyayensu suka haifa, shi da Yaya, wadda ta girme shi nesa ba kusa ba. Baba kafinta ne, amma ba na benci da kujera ba. Kabad mai durowoyi da yawa yake yi, irin na masu sayar da magani da masu gyaran agogo, wanda za ka zaro durowa ka tarar da wata 'yar ƙarama a cikinta. A shagonsa ana iya yafe maka karya zarto, amma ba a yafe barin durowa a zare. "Wa ya bar wannan baki buɗe?" in ji shi. "Ka zaro, ka sa abinka, ka mayar. Sai ka ji ta ce ƙwas, sannan ka juya baya."

Auta bai yi gadon hannu ba. Ƙusarsa kullum sai ta lanƙwashe, yankansa sai ya bar layi. Yaya kuwa da ido take awo. Ta kalli katako ta ce ya yi tsawo, a sa tef a tarar haka ne. Baba bai taɓa dukan Auta a kan aiki ba. Abin da yake yi ya fi duka ciwo: sai ya zo a hankali ya zare gudumar daga hannunsa, ya miƙa wa Yaya, ya ci gaba da abin da yake yi. Wata rana a gaban wani mai sayen kabad ya dubi 'yarsa ya ce, "Kai, da ke ce namijin." Auta yana tsugune a ƙasa yana tsintar ƙusoshi a cikin garin katako. Bai ɗago ba.

Da ya tafi karatun kwamfuta, Baba cewa ya yi, "To, aikin zaune." In abokansa sun tambaye shi me yaron ke yi, sai ya kaɗa yatsu a iska ya ce, "Danne-danne." Yaya ita ma ta tafi, ta zama ma'aikaciyar jinya a wani gari mai nisa. Baba bai so tafiyarta ba, ya faɗa mata, ta tafi. Ranar da Mama ta rasu tana kan hanya, ba ta iske ta ba. Tun daga nan maganar uba da 'ya ta koma gaisuwa: ina kwana, ya jiki, a gai da yara.

Mantuwa ta fara kama Baba a hankali. Ya bar zarto a bakin titi. Ya gai da maƙwabci sau uku a tsayuwa ɗaya. Wata rana aka same shi a ƙofar tsohon shagonsa, wanda ya daɗe da zama wurin wankin kaya, yana neman makulli a aljihu. Likita ya ce ciwon ba ya komawa baya. Auta ya ɗauko shi ya sa shi a ɗakin da ke kusa da kicin, inda matarsa za ta riƙa jin motsinsa. Abin mamaki, da sababbin abubuwa suka fara zubewa daga kan tsohon, sai tsofaffi suka taso sabbi fil. Mutumin da bai taɓa zama hira da 'ya'yansa ba ya koma ba ya rufe baki.

Yaya ta kira a waya. "Auta, ka riƙa ɗaukar muryarsa. Na ga irin wannan a asibiti. Yanzu ne yake magana, in ya rufe ya rufe ke nan."

"Yaya, murya tarin shirgi ce. Ki ɗauki awa da awanni, gobe ki nemi magana ɗaya ki rasa inda take. Bari in yi masa abu mai tsari."

"Kai da tsarinka. To, ka yi, amma ka yi da wuri."

Ya yi da wuri. A hutun ƙarshen mako ya zauna ya rubuta ɗan gajeren rubutun umarni, wanda zai buɗe fayil guda a faifan kwamfutarsa ya mai da shi rumbun ajiya. Kamar kabad ya tsara shi. Kowane mutum na gidan da durowarsa: Mama, Yaya, Auta, Baba kansa, shago. Cikin kowace durowa akwai ƙananan gurabe: yarinta, aiki, aure, faɗa, abin dariya. In Baba ya yi magana, sai a zaɓi durowa, a zaɓi gurbi, a zuba. A ƙarshen rubutun ya ƙara layi ɗaya domin jin daɗin kansa, wanda zai sa kwamfutar ta nuna kalmomi biyu duk lokacin da ya gama: An adana.

Ɗaukar murya da ta fi sauƙi, ya kuma san haka. Amma waya kowa na da ita, ba ta nuna gwanintar kowa. Shi abin da yake so, ko da bai taɓa faɗa wa kansa a fili ba, shi ne ya ajiye wani abu a gaban tsohon nan ya ce ga nawa kabad ɗin, durowa cikin durowa, babu ƙusa ko ɗaya da ta lanƙwashe. Ya kuwa kai masa. Ya ɗora kwamfutar a cinyarsa ya ce, "Baba, ka ga, ni ma na ƙera kabad."

Baba ya daɗe yana kallon rubutun. Sannan ya juya kwamfutar ya leƙa bayanta. "Ina bayansa? Kabad ta baya ake gane shi. Gaba kowa ya iya shafa masa fenti."

Matar Auta ta yi dariya daga kicin har da tari. Auta ya karɓi abinsa.

Haka suka fara. Kullum in ya taso daga aiki da yamma, kafin ya cire takalmi, sai ya ja kujera ya zauna a gefen gadon, matarsa ta kawo musu shayi. Baba yana son ƙarar madannan, ya ce kamar ana buga ƙananan ƙusoshi a ɗaki na gaba. Sau da yawa ba ya gane ɗansa. Ɗan ofis yake ce masa, yana zaton wani ma'aikaci ne aka turo. "Ɗan ofis, ka zo? Rubuta." Sai ya kama: yadda ya fara ganin Mama ta zo sayen akwati ta raina masa aiki, yadda gobara ta taɓa cin rabin shagon, wani mai gyaran agogo da ya sa aka yi masa durowar ɓoye don matarsa ta daina ganin sigarinsa. Amma duk inda labari ya bi, sai ya dawo kan Yaya. Yaya ta ce, Yaya ta yi, ranar da Yaya ta gano ƙafar tebur ɗaya ta fi sauran gajarta alhali manyan ma'aikata sun kasa.

Auta yana da saurin hannu a kan madannai, saurin da bai taɓa samu a kan guduma ba. Magana takan shiga ta kunnensa ta fita ta yatsunsa ba ta tsaya a ko'ina ba. Hankalinsa yana kan wani abu dabam: wannan a wane gurbi zai shiga? Yarinta ne ko aiki? Faɗa ne ko abin dariya? Kafin ya yanke hukunci Baba ya wuce gaba. In tsohon ya gaji ya jingina, sai ya danna maɓalli, kalmomin nan biyu su fito, ya rufe kwamfutar.

"Baban yara," matarsa ta ce masa wata rana tana kwashe kofuna, "kai fa ba ka kallonsa in yana magana. Ɗazu har hannu ya miƙo maka."

"Ina rubutu ne."

"Me ya ce game da gobarar nan? Na ji farkon, ruwa ya tafasa na tashi."

"Yana ciki," ya ce, ya dafa kwamfutar.

Amsarsa ke nan ga kowa. Yaya in ta kira, bayan ta gama tambayar magani da barci, sai muryarta ta sauka ƙasa. "Yana maganata kuwa?"

"Ke kaɗai ma yake yi. Durowarki ta kusa fashewa."

"Me ya ce? Ya yi maganar tafiyata?"

"Ya yi. Yana ciki. In kin zo kya karanta da idonki."

Takan yi 'yar dariya mai rawa ta ce, "Kai dai mugu ne, Auta." Tana ta neman a ba ta hutu, asibitin ba su da isassun hannaye.

Sau ɗaya, yana neman wani abu a kwamfutar, idonsa ya faɗa kan fayil ɗin, ya ga girmansa yana nan yadda yake tun ranar farko. A wurin aiki da wannan kaɗai ya isa ya hana shi cin abincin rana. Ya tsaya yana kallon lambar. Sai ya ce wa kansa rubutu ba shi da nauyi, kuma irin waɗannan fayilolin sukan ware wuri tun farko su riƙa cikawa a hankali. Duka biyun akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Dubawa kuwa ba za ta ci masa lokacin shan kofin ruwa ba. Amma dubawa na nufin ya buɗe kabad ɗin ya ga durowar Yaya maƙil, ya karanta da idonsa abin da yatsunsa suka taimake shi bai ji ba, sannan a gefenta ga tasa durowar, wadda ya riga ya san babu komai a ciki, domin wata da watanni Baba bai ambaci Auta ba ko da kuskure. Ya kawar da idonsa. Ya samu abin da yake nema ya rufe.

Wata yamma da aka yi ruwa aka ɗauke, ɗakin ya yi sanyi, Baba yana ta shafa katakon gefen gado da tafin hannu kamar mai goga samfefa. Ba tare da an tambaye shi ba ya ce, "Ɗan ofis, ina da yaro namiji, ka sani?"

Yatsun Auta suka tsaya. "Na ji an ce."

"Hannunsa na banza ne. Ƙusa in ta gan shi da kanta take lanƙwashewa." Ya yi dariya, dariyar ta zama tari. "Amma ka ga duk yamma in mun tashi, kowa ya wanke hannu ya gudu, shi ne ke bi yana mayar da durowoyi ɗaya bayan ɗaya. Ya tsince ƙusoshi, ya ware manya da ƙanana, ya rataye zarto a inda yake. Ba wanda ya sa shi. Tsawon zamansa a shagon nan ban taɓa neman abu na rasa ba. Ranar da ya tafi makaranta, tef ɗina na nema har azahar." Ya ci gaba da shafa katakon. "Ban faɗa masa ba. Yaro in ka yabe shi lalacewa yake. Kai ma kada ka faɗa masa."

"Ba zan faɗa ba," in ji Auta.

Wannan karon bai yi tunanin gurbi ba. Ya rubuta, ya danna, kwamfutar ta ce an adana. Ya miƙe bai ko shanye shayinsa ba, ya shiga ɗakinsa ya turo ƙofa. Rana ba ta faɗi ba tukuna, yara na ta ƙwallo a titi. Ya zauna a bakin gado, a karo na farko tun da ya ƙera kabad ɗin ya rubuta umarnin da zai buɗe durowa ya nuna abin da ke ciki. Ya zaɓi Auta.

Sunan ya fito. Gurabe suka fito a jere, yarinta, aiki, aure, faɗa, abin dariya. Gaban kowanne baka biyu ne suna kallon juna, babu komai a tsakaninsu.

Ya buɗe ta Yaya. Haka. Ta Mama, ta shago, ta Baba. Kabad ɗin yana nan tsaf yadda ya ƙera shi ranar farko, kowace durowa da sunanta, kowace wayam.

Bai ɓata lokaci wajen neman dalili ba, domin ya san shi. Irin wannan rumbun, in ka ce ya ba ka durowa, ba ita yake miƙo maka ba. Kwafinta yake yi ya ba ka, ta ainihin tana nan a faifai ba ta motsa ba. Kai kuma ka zuba abinka a kwafin. In ba ka ɗauki durowar gaba ɗaya ka mayar masa ka ce ga wannan a madadin waccan ba, da ka saki hannu kwafin ya tafi da duk abin da ke ciki. Ba ya ƙorafi, ba ya nuna kuskure. A manhajar sito Auta bai taɓa manta wannan ba, har gargaɗin wasu ya sha yi a kai. A nan layi ɗaya ne bai rubuta ba, layin mayarwa. Wanda ya rubuta shi ne na An adana, kuma wannan ba ya duba komai kafin ya yi magana. Durowar Baba da kanta take cewa ƙwas in ta zauna. Tasa shi ya sa mata magana a baki, ya zauna wata da watanni yana jin muryar kansa yana gyaɗa kai.

Ya gyara kafin gumin goshinsa ya bushe. Sannan ya sake rubuta abin da Baba ya faɗa ɗazu, tun yana da ɗumi a kunnensa. Ya rufe fayil ɗin, ya sake buɗewa. Yana nan. Ya karanta, ya sake karantawa, har matarsa ta ƙwanƙwasa ta ce abinci zai huce.

Washegari ya dawo da wuri, ya ja kujera. "Baba, ba ni labarin Yaya. Ranar da ta gano ƙafar tebur."

"Wace Yaya?"

"'Yarka. Babbar."

Baba ya dube shi da ladabi, irin kallon da ake yi wa baƙon da ya yi ɓatan gida. "Allah sarki," ya ce.

Ya gwada da gobara, ya gwada da akwatin Mama. Wani lokaci tsohon yakan kama bakin zaren, ya yi jimla ɗaya da rabi, sai ya saki. Cikin makon zazzaɓi ya kwantar da shi, da ya tashi kuma maganar ba ta tashi tare da shi ba. Sai hannun nan kawai, yana ta goga gefen gado.

Auta ya tambayi matarsa abin da ta riƙe. Ta ajiye wuƙar da take yanka albasa ta dube shi. "Ba ka ce yana ciki ba?"

Ya faɗa mata. Ta ce, "Ni gutsattsari nake ji ta ƙofa. Na ji ya ce tana da ido. Na ji ya ce ta fi shi taurin kai. Ranar maganar tafiyarta na kai ƙaramin nan wurin allura, kai kaɗai ne a ɗakin." Ta ɗauki wuƙarta. "Ka kira ta ka faɗa mata tun kafin ta zo."

Bai kira ba. Abin da ya yi, ya buɗe durowar Yaya wata safiya a ofis, fanka na ta fifita bango, ya rubuta: Na yafe mata, dama ban riƙe ta ba. Ya zauna yana kallon layin. Wa zai sani? Baba ba zai ƙaryata ba. Zai iya cika durowar a mako guda, ya san shagon, ya san yadda tsohon ke jan magana. Amma cika ta na nufin ya zauna ya ƙirƙiro yabon Yaya da bakinsa, layi bayan layi, maganar nan ta "da ke ce namijin" da duk ire-irenta. Ya goge. Ya ce wa kansa tsoron ƙarya ne ya hana shi. Wataƙila shi ne.

Yaya ta samu hutu daga baya. Ta iso da ƙaramar jaka da takalmin asibiti a ƙafa, ta rame, furfura ta fito mata a gaban goshi. Kai tsaye ta shiga ɗakin, ta durƙusa a gaban gadon ta ce, "Baba, ni ce." Ya dube ta, ya dubi ƙofa, ya ci gaba da gugarsa. Ta duba idonsa da harshensa da dugadugansa kamar yadda take yi wa marasa lafiyarta, ta gyara masa matashi. Ba ta yi kuka ba. Ta fito falo ta zauna ta cire takalmi.

"To, Auta, kawo kabad ɗin naka. A mota ban yi barci ba saboda shi."

Matarsa ta tattara yara ta ce su zo su raka ta shago.

Ya kawo kwamfutar amma bai buɗe ba. Ya fara bayani: rumbu, kwafi, faifai, layin mayarwa. Yana magana yana zana akwatuna da yatsa a kan tebur.

"Dakata," in ji ta. "Kada ka yi mini yaren aikinku. Akwai ko babu?"

"Babu."

"Duka?"

Ta jawo kwamfutar ta buɗe da kanta. "Nuna mini." Ya nuna mata. Ta ga sunanta da gurabenta da bakunan nan da ba su riƙe komai ba. Ta sa ya buɗe ta Mama. Ta sa ya buɗe ta shago. Sannan ta ɗora yatsa a kan sunan Auta. "Wannan fa?"

Ya buɗe. Ta karanta a hankali, leɓunanta na motsi. Da ta kai wurin tef sai ta ɗan yi murmushi, domin ta tuna ranar, ita ce ma ta samo wa Baba shi a ƙarƙashin garin katako.

"Gaskiya ya faɗa," ta ce. "Kai ke mayar da su. Ina ganinka." Ta jingina. "Naka dai ya tsira."

"Ranar ce na gano matsalar, Yaya. Wallahi da na gano tun farko..."

"Na yarda. Me ya sa sai ranar?"

Fanka na juyawa a sama. Daga ɗakin Baba ana jin sautin tafin hannu a kan katako.

"Kai da ake ce wa Ka-adana," ta ce, ba da faɗa ba. Da ta yi faɗa da ya fi masa sauƙi. "To, bar na'ura. Kana zaune a wurin, da kunnuwanka biyu. Faɗa mini da bakinka. Ranar da ya yi maganar tafiyata, me ya ce?"

"Ya daɗe yana magana."

"Me ya ce?"

Ya runtse ido ya nema da gaske. Ya tuna rigar da Baba ya sa ranar, mai ruwan toka. Ya tuna shayin ya yi sukari da yawa. Ya tuna ya sha wahala wajen zaɓar gurbi, ya sa a faɗa, ya cire ya sa a aiki, ya sake mayarwa.

"Na rasa inda zan sa shi," ya ce. "Tsakanin aiki da faɗa."

"Ba wannan na tambaye ka ba. Fushi yake yi ko murmushi? Muryarsa ta yi rawa? Ya kira sunana ko cewa ya yi yarinyar nan?"

"Ban kalli fuskarsa ba."

Ta gyaɗa kai kamar an faɗa mata sakamakon gwajin da ta riga ta zata. Ta rufe kwamfutar a hankali da hannu biyu, ta tura masa. Ta tashi babu takalmi ta koma ɗakin Baba, ta bar ƙofa a buɗe. Yana jin ta ta ja kujerar nan tasa.

"Baba, ni ce wadda ta tafi. Ka ce kada in tafi na tafi. Ban iske Mama ba." Ta matso kusa. "Ka ce wani abu, ko zagi ne."

Hannun bai tsaya ba.

Ta yi kwanakinta tana yi masa wanka, tana ba shi abinci a baki, kullum da yamma tana sake tambayarsa. Da hutun ya ƙare ta koma. Har yanzu tana kira, ta tambayi magani da barci da ko ƙafar ta kumbura, ta ce a gai da yara.

Fayil ɗin yana nan, ya yi masa kwafi a wurare da dama. Da farko kullum sai ya buɗe durowar tasa. Daga baya ya fara tsayawa a kan jimla ɗaya: ban taɓa neman abu na rasa ba. Haka Baba ya faɗa, ko cewa ya yi ban cika rasawa ba? Rubutun farko ya tafi tare da sauran, wannan na biyu ne, daga kansa ya fito, kuma shi ya fi kowa sanin abin da kansa ke so ya ji. Babu wanda zai tambaya. Ya rage buɗewa.

A wurin aiki sunan bai sake shi ba. Ranar nan yana ratsa ofishin gaba ya ga sabuwar akawu ta cika shafi da rubutu, fitilar sama kuma tana ƙyaftawa alamar wuta na shirin tafiya. Ƙafarsa ta ja birki da kanta. Mai sito ya hango shi daga bakin ƙofa ya ɗaga murya, "Yauwa, faɗa mata, Ka-adana! Ba ta san ka ba tukuna!"

Ya gyara zaman tabarau, ya dubi ƙeyar yarinyar, ya wuce ta tsakanin kantoci zuwa ƙuryarsa.